Saukar da Ba Ta Jego Ba

Goronyo, 6 ga Nuwamba

Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rahama da yara da duk mutanen Kwargaba. Yaya ciwon gwiwar nan, ya sake ka ko har yanzu kuna tare?

Yau sati uku ke nan da aka yanke mana sabis ɗin waya, kuma na ji ku ma ƙasar Wurno haka kuke. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, kamar lokacin da nake 'yar firamare a gidanka. Direban da ke ɗauko kaya daga wajenku ranar kasuwa ya yarda zai riƙa kai mana saƙo, da sharaɗin kar mu haɗa shi da kaji. In ka ga rubutuna ya fi naka kyau kar ka yi mamaki. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, amma kowa ya san ita ta kwashe basirar ta bar masa faɗin ƙafa.

Kwaleji na nan yadda ka san ta, ɗalibai sun dawo, ofis ba ya rabuwa da mutane. Ni kam sai godiyar Allah, amma gajiya ta yi mini yawa. Nauyin nan da nake ɗauke da shi ya kai inda ya kai. Da yamma ƙafafuna kumbura suke yi, abinci ba ya shiga sosai, abu kaɗan sai raina ya ɓaci. Maigidana Abubakar ya daina tambayata mi ke damuna, don ya san amsar. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne saura sati shida in sauka, in Allah ya kai mu. Ku taya ni da addu'a in sauka lafiya, don waɗanda suka riga ni sun ce ƙarshen ya fi farkon wuya.

Yaya batun ruwa? Na san yanzu ana shirin dashen albasa, kuma kai ne mutumin da kowa ke nema. Har yanzu ina tuna ka da safe, makullin ƙofar ruwa rataye a wuyanka, manoma na biye da kai kamar za a tafi Idi, ba mai buɗe baki sai ka yi tari. Shekara nawa ke nan kana rabon ruwan nan?

Ka amsa mini da wuri, zaman shirun nan ba ya yi mini daɗi.

Taubashiyarka,
Husainatu


Kwargaba, 14 ga Nuwamba

Husainatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya lau, gwiwa ta yi sauƙi. Ki gaishe da Abubakar, ki ce masa na yi fushi da shi, amma fushin daɗi.

Takardarki ta iso ran Laraba. Rubutunki ƙanana ne ƙwarai, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito, sai na ba Rahama ta karanta mini. Ba wai idona ya kasa ba, hannuna ne da laka. Tana zuwa wajen da kika ce mu yi addu'a ki sauka lafiya, sai ta saki takardar ta rangaɗa guɗa, har awaki sunka firgita.

Ashe haka kike da zurfin ciki? Shekara goma sha ɗaya muna roƙon Allah ya ba ki, ya ba ki, ke kuma kin rufe baki sai da abu ya rage sati shida. Na san kunyar ɗan fari ce, amma ai boko ya kamata a ce ya rage miki ita. Rahama ta ce ita dama ta lura tun zuwanki da Babbar Salla. Cewa ta yi, “Ni dai na san da wata magana, yadda tac ci tuwon nan tana yamutsa huska.” Ni ban lura ba, don tun kina yarinya haka fuskarki take.

Yanzu gidanga ya rikice. An daka yaji, an nemo kanwa, an fara tara itacen wankan jego a bayan rumbu. Rahama ta ce ita za ta zo ta zauna miki har arba'in, ba ta yarda da matan kwaleji ba. Ni kuma na ware ɗan ragon nan mai baƙin wuya. In namiji ne kin san sunan da za a sa, ba sai na faɗa ba. In mace ce ma ba laifi, sai a jira na biyu.

Kin tambayi ruwa. Shekara ashirin da shida ke nan bana, kuma ba ranar da na kwanta ciwo ƙofa ta kwana ba a buɗe ba. Sai dai yaran yanzu ba su da ta ido. Akwai Shafi'u, wanda ya yi difloma ya dawo gonar ubansa, kullum shina yawo da ɗan littafi shina auna ruwa da sanda. Wai masu gonakin ƙarshen magudana ba su samun rabonsu daidai. Ni da na san halin ruwanga fiye da halin Rahama, shi zai gaya mini. Na bar shi da littafinsa, rana za ta kore shi.

Ki rage hawa mashin, ki riƙa ɗora ƙafa bisa matashi.

Yayanki,
Mode mai ruwa


Goronyo, 23 ga Nuwamba

Yaya Mode,

Salama da gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Mu ma muna lafiya.

Na karanta takardarka a ofis. Na yi dariya har sai da na riƙe tebur, hawaye suka zubo. Daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen, sai na rufe ƙofa na ce wa sakatare ba na nan.

Yaya, ba ni da ciki. Ban taɓa samu ba, har yau. Saukar da nake nufi ta kujera ce. Ka manta shekara biyu da suka wuce na gaya maka an ba ni shugabancin sashenmu, Sashen Ƙasa da Ruwa, har ka ce Allah ya ji ƙan sashen? To wa'adina ne zai cika ranar sha takwas ga Disamba. Nauyin da na ce shi ne wannan, kumburin ƙafa kuma na zirga-zirga ne daga wannan ofis zuwa wancan. Laifina ne, a nan mun saba da kalmar har ban ga ɗaya fuskar tata ba. Don Allah ka gaya wa Yaya Rahama a hankali. Itacen nan da ta tara ya fi komai taɓa ni. Kuma maganar ta tsaya tsakaninmu, ba na son a riƙa kallona da tausayi in na zo gida.

Na san za ka ce mi na yi aka cire ni. Ba abin da na yi. A nan shekara biyu ake yi, a sauka, a koma aji a ci gaba da koyarwa ƙarƙashin wanda a da yake ƙarƙashinka, kuma ba wanda ke ganin abin kunya ne.

Ni ma da farko ban gane ba. Ranar da aka ba ni ofis ɗin nan, kai na sa a gaba. Na ce yadda Yaya Mode ke yin tari kowa ya nutsu, haka zan yi. Na zo da sassafe, na ɗaure fuska, na rubuta umarni shida na manna a allo. Kafin azahar an cire huɗu, wai sai kwamiti ya zauna. Ranar jarrabawa ma ba ni da ikon matsar da ita sai mutum tara sun yarda, kuma cikin taran akwai wanda in ka ce yau Talata zai nemi a kawo kalanda. Na dawo gida na ce wa Abubakar waɗannan mutane ba su san girman shugaba ba.

Kwana uku bayan haka sai ga Dokta Sa'adu, wanda ya koyar da ni, kuma shi ya riƙe kujerar kafin ni. Ya shigo da takardar neman hutu ya tsaya a gabana, da furfurarsa, yana jiran sa hannuna. Na zabura na miƙe zan ba shi kujera. Ya ce, “Zamna abinki, Malama. Ni na yi nawa, kuma wallahi barcina ya hi naki daɗi yanzu.”

Sannu a hankali na gane aikin. Shugaba a nan shi ne wanda ake kawo wa ƙorafi, shi ke bin takarda, shi ake yi wa faɗa in fanka ta lalace. Akwai wata ƙaramar malama, Mashkura, da ta taɓa ƙaryata lissafina a gaban kowa a wurin taro. Sati guda ban amsa gaisuwarta da kyau ba. Da na koma na duba, ita ce da gaskiya, kuma da an bi nawa da ɗalibai talatin sun maimaita shekara a banza. Ita aka zaɓa ta gaje ni. Ni ma ita na zaɓa, ko da yake hannuna bai ɗagu da sauƙi ba.

Ragon kuwa ka ci gaba da ba shi dusa, ai akwai wata Sallar.

Taubashiyarka,
Husainatu


Kwargaba, 2 ga Disamba

Husainatu,

Bayan sallama, muna lafiya a jiki. Ban da jiki kam ba lafiya, kuma ke kika jawo.

Takardarki ta iske Rahama ba ta nan, ta tafi Wurno sayen bahon wanka da kayan jariri. Ni kuma na ƙagu in ji labari. Sai na ɗauke ta na tafi rumfar bakin ƙofar ruwa, inda muke zama bayan la'asar, mun kai mutum ashirin. Dama na riga na gaya musu ɗiyar gidanmu malamar kwaleji ta kusa sauka, har an yi mini barka. Na miƙa wa Shafi'u na ce ya karanta mana, tunda shi ke taƙama da boko.

Ya karanta. Ya karanta duka, da murya kamar mai shela. Da ya kai wajen da kika ce ba ki da ciki na so in karɓe takardar, amma kunya ta riƙe mini hannu. Wannan kam na cuce ki, kin ce maganar ta tsaya tsakaninmu, ga shi ta tsaya tsakanin mutum ashirin. Ki yafe mini, ban yi da gangan ba.

Amma da ya kai wajen shekara biyu, sai ya tsaya. Ya sake karanta layin, a hankali, shina kallon mutane. Can sai wani daga baya ya ce, “Shekara biyu? Tau Baba Mode, kai wa'adin mutum goma sha ukku kac cinye ke nan.” Anka fashe da dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Tun da nike ba a taɓa yi mini dariya a rumfar nan ba, sai dai in ni na ba da abin dariyar.

Kwana biyu bayan haka su Shafi'u sunka tafi wurin Maigari, su bakwai. Yanzu an sa rana, Jumu'ar farko ta Janairu bayan an sauko masallaci, za a zauna kan maganar rabon ruwa da wanda zai riƙe makulli. Kafin nan kuma Maigari ya ce a rubuta ranar ruwan kowa a takarda a manna a rumfa, in riƙa bi. Ni da ke riƙe da gona sittin da ɗaya a kaina.

Ga abin da nike so ki yi. Ki sake rubuto wata takarda, ki buga mata hatimin ofishinku, ki ce wannan al'ada ta 'yan kwaleji ce kawai, ba ta shafi ruwa da gona ba, kuma aikin ruwa sai wanda ya daɗe cikinsa. Gaskiya ce ai, ba ƙarya na ce ki yi ba. Maganarki ce ta tayar da su, maganarki za ta zaunar da su. Ku can in mutum ya sauka aji zai koma, ana ce masa Dokta. Ni in anka tuɓe ni gaban jama'a ina zan koma? Ba zan iya sake zama rumfar nan ba, kuma ba ni da wata.

Rahama ta dawo da baho ta iske labari ya riga ta gida. Ta yi kuka, ta ce in gaishe ki, ta ce Allah bai manta da ke ba.

Ina jiran amsa ta hannun direba ran kasuwa mai zuwa.

Mode


Kwargaba, 19 ga Disamba

Husainatu,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa ki shiru, ko da yake in lafiya ce shirun ya fi ciwo.

Kasuwa biyu ta ci, ina tsaye bakin hanya ina jiran direba, shina ɗaga mini hannu babu komai. Na gane. Mai hatimi ba ta da lokacin manomi. In fushin maganar rumfa kike yi, na riga na ba ki haƙuri. In kuma kina ganin su Shafi'u ne da gaskiya, ki faɗa mini da bakinki, kar ki bar ni ina lissafi ni kaɗai.

Abu ya ƙara lalacewa. Kin san Kyauta, matar marigayi maƙeri, mai gona a can ƙarshen magudana. Ranar ruwanta Litinin ce. Na duba takardar da anka manna, na ga kamar Laraba anka rubuta, na juya ruwa wani gefe. Dashenta sabo ne, kwana biyu da sawa. Kafin Laraba fangali huɗu na albasarta sun ƙone. Ta zo har ƙofar gida, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, “Mode, ni ba ni da wani abu sai wagga albasa, ka sani.” Na cire iri daga nawa na ba ta, na sa anka dasa mata, amma ta riga ta yi baya da sati biyu.

Shekara ashirin da shida ban taɓa ƙona gonar kowa ba sai da anka kawo takarda. Yanzu kowa na cewa ga shi nan, mun faɗa.

Saura sati biyu da 'yan kwanaki. Ki aiko da abin da na roƙa.

Mode


Tursa, 27 ga Disamba

Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, kuma wallahi ba fushi ba ne. Tun farkon wata nake kai da kawowa tsakanin Goronyo da ƙasar Rabah, muna gwajin ƙasa da ɗalibai a gonakin Tursa. Direba ya bar takardarka ta ranar biyu ga wata a shagon wani mai shayi ya manta. Jiya Abubakar ya aiko mini da su biyun tare, na karanta su a tsaye a bakin gona. Maganar rumfa ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, zan kwana biyu ina jin nauyin shiga Kwargaba. Amma na yafe, ya wuce.

Takardar da ka roƙa ba zan rubuta ba. Hatimin ma ba ya hannuna, na miƙa shi ranar sha takwas. Ko yana hannuna ba zan buga shi a kan wannan ba, kuma ka bari in gaya maka dalili kafin ka yaga takardar.

Na yi maka kurin cewa a nan sauka ba komai ba ce. Ban faɗa maka duka ba. Da wa'adi ya matso, sai na zauna na rubuta takardar neman a ƙara mini shekara guda, wai akwai ayyukan da ban kammala ba. Kwana tara tana cikin jakata. Na kai ta har ƙofar ofishin shugaban kwaleji, sakatarensa ya ce mi na kawo, na ji kunya ta rufe ni, na ce gaisuwa na zo yi. Da na sake karanta ta a gida, ban ga aikin da Mashkura ba za ta iya ba. Abin da na gani kawai shi ne ina tsoron ranar da zan shigo ba wanda zai miƙe. Ranar kuwa ta zo. Masinjan da ke karɓar jakata tun daga bakin ƙofa ya gaishe ni daga zaune. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi. Amma ban mutu ba, kuma sashen bai rushe ba, wanda shi ma ya ɗan ba ni haushi.

Akwai abu guda da muke yi wanda na ga amfaninsa. Mai sauka yakan rubuta takardar miƙa aiki, ya zuba duk abin da ya sani. Tawa shafi goma sha huɗu ce. Ina rubutawa ina mamakin yawan abin da ke kaina ni kaɗai, wanda da na faɗi ciwo da ya tafi tare da ni. Kai fa? Wa ya san inda magudana ke yoyo ban da kai? Wa ya san gonar da ke shan ruwa da sauri da wadda ke riƙewa? Gona sittin da ɗaya a kan mutum ɗaya abin alfahari ne, amma ni tsoro ya ba ni.

Sai maganar da ba ka so. Takardata ta farko Yaya Rahama ta karanta, ta biyu Shafi'u, ga kuma Litinin ta zama Laraba. Yaya, ba laka ba ce, ba kuma takarda ba ce ta ƙona albasar Kyauta. Idonka ne. Ina jin yanar ido ce, kuma ana cire ta a Sakkwato cikin yini guda. In na dawo ni zan kai ka.

Na san kwaleji ba Kwargaba ba ce. Ni na sauka albashina na nan, ajina na nan. Kai abin da za ka ajiye ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba ni da tabbacin za su kyauta maka. Abin da na sani kawai, ranar Jumu'ar nan ko dai su karɓa ko kai ka bayar. In ka riga su magana, ba wanda zai ce an tuɓe ka.

In ka ga dama ka daina kula ni, amma ka bari a duba idon.

Taubashiyarka,
Husainatu


Kwargaba, 12 ga Janairu

Husainatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Rahama na gaishe ki. Wanga karon ita ta karanta mini, cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Da ta gama na ce ta jefa takardar a murhu. Ba ta jefa ba. Kwana uku ban yi wa kowa magana mai daɗi ba, har akuya sai da ta sha duka ba ta yi komai ba. Na ce yarinyar da na koya wa ɗaurin igiyar guga ita ke gaya mini idona ya mutu. A rana ta huɗu na je rumfa ba kowa, na tsaya gaban takardar nan da anka manna. Na matsa, na ja baya, na rufe ido guda. Ban iya raba Litinin da Laraba ba.

Ran Jumu'a anka taru ƙofar gidan Maigari, mutanen da ban taɓa gani wurin gyaran magudana ba duk sun zo. Shafi'u na riƙe da littafinsa, na ga ya sa alama a shafuka. Maigari na gama addu'a, kafin kowa ya buɗe baki, na miƙe. Na ce, “Jama'a, shekara ashirin da shidda nika ɗauke da wanga abu. Idona ya raunana, na ƙone albasar marainiyar Allah. Ga makullinku, ku ba wanda kunka yarda da shi.” Na ajiye shi bisa tabarma gaban Maigari.

Zan gaya miki gaskiya tunda ke ma kin gaya mini taki. Na ɗauka za a roƙe ni. Na ma shirya abin da zan ce in an roƙe ni, cewa to na ƙara damina guda saboda ku. Ba wanda ya ce in tsaya, ko mutum ɗaya. Maigari ya yi mini godiya mai tsawo, liman ya sa albarka, anka shafa. Shafi'u ya rufe littafinsa bai karanta komai ba. Shi anka zaɓa, shekara uku, don sun ce biyu ta yi kaɗan ga mai koyon ruwa. Da anka watse mutane sunka zo suna ba ni hannu, wasu har da durƙusawa. Ba a tuɓe ni ba, wannan kin yi gaskiya. Amma na dawo gida wuyana ba nauyi, ina ta taɓa wurin.

Ni ba ni iya shafi goma sha huɗu. Na ja Shafi'u munka bi magudana da ƙafa, yini biyu, daga ƙofa har gonar Kyauta, ina faɗa shina rubutawa. Yaron ba wawa ba ne, amma kar ki gaya masa. Batun Sakkwato kuma na yarda, ki sa rana.

Jiya Talata ranar ruwana ce, ta farko tun da na zama kamar kowa. Na je bakin ƙofa da sassafe na iske mutum goma sha ɗaya suna jira. Shafi'u bai zo ba. Rana ta fito, ta ɗaga, bai zo ba. Albasata na buƙatar ruwan nan, ta kowa ma haka. Mutane sunka fara kallona, wani ya ce, “Baba Mode, da kai ne da yanzu mun yi nisa.”

Abin da ba su sani ba, akwai makulli na biyu a aljihuna. Na sa anka yanka mini shi a Wurno shekara goma sha tara da sunka wuce don gudun ɓacin rana, ko Rahama ba ta san da shi ba. Ban miƙa shi ran Jumu'a ba, na ce wa kaina mantuwa ce. Hannuna na cikin aljihu shina riƙe da shi har ya yi zufa. Taki uku ne tsakanina da kwaɗon. Da na buɗe ba mai cewa don mi, godiya ma za a yi mini, kuma daga ranar yaron nan ya gama shugabanci.

Na zauna bisa dutse na ce mu jira mai ruwa. Kusan awa guda sai ga shi a guje, tayar mashin ɗinsa ta fashe a hanya. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ba ni zai ba ba, ga masu gona nan. Ya buɗe, gonakinmu sunka sha ruwa.

Jiya na iya. Ban san ko zan iya Talata mai zuwa ba. Shi ya sa za ki ji ambulan ɗin nan da nauyi, na naɗe shi cikin ƙyalle. Ki ajiye mini shi can Goronyo inda hannuna ba ya kaiwa, kuma ko na roƙe ki kar ki ba ni.

Yayanki,
Mode